Nokawut da Tartsatsin Wuta: Yadda Za Ka Kare Gidanka, da Batun Hana Sayar da Su

Duk shekara labarin ɗaya ne. Ana saura mako biyu Kirsimeti, ko an fara shirin Sallah, sai kakakin 'yan sanda ya fito a rediyo ya ce an haramta sayarwa da kunna nokawut, duk wanda aka kama zai yaba wa aya zaƙinta. Kafin ya rufe baki ƙara ta tashi a bayan layi. Mai teburin alewa da balan-balan ya riga ya jera kwalayen a ƙarƙashin tebur, yara kuma sun san hanya, ga kuɗin barka da Sallah a aljihu.

A son raina kada a kunna ko ɗaya a gidana. Amma na daɗe da lura cewa "na hana" ba ta kashe sha'awar yaro, sai dai ta kai shi kango ko bayan makaranta inda babba ba ya gani, kuma a can ake rasa yatsu. Don haka wannan bayani na magidanci ne, da uwa, da babban yaya, da duk wanda ya ga abin zai faru ko ya so ko ya ƙi, ya gwammace ya faru a gabansa.

Mataki na farko: duba ko gidanka ma ya dace

Fara da doka. In hukuma ta haramta a jiharku, to saye da kunnawa laifi ne, kuma ba na ba kowa shawarar karya doka. Karanta sauran don sanin abin da za ka yi in yaran maƙwabta suka jawo tsautsayi. Haka nan in garinku na fama da 'yan bindiga ko an taɓa tayar da bam a cikinsa. A ƙauyen da mutane ke kwana da takalmi a ƙafa, ƙarar nokawut da daddare na iya sa tsohuwa ta karye wajen gudu, ta sa ɗan sa-kai ya saki harsashi cikin duhu. Hadisin da ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata ɗan'uwansa ba ya isa hujja a nan, kuma ba na jin akwai fasto da zai ce wani abu daban.

In waɗannan biyun ba su shafe ka ba, zagaya gidan da idon mai neman abin da zai ci wuta. Ina jarkar fetur ɗin janareto? Ina tukunyar gas? Akwai babur a zaure? Akwai harawa ko karan dawa a kan rufi, ko zana, ko rumbu, ko ɗakin jinka a maƙwabta? Akwai mai sayar da fetur a kwalba a bakin layi? Bukukuwan ƙarshen shekara suna faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da komai ya bushe ƙayau, iska kuma na ɗaukar ɗan tartsatsi ta ƙetare katanga da shi.

Sai fili. Ma'aunin da ƙasashen Turai ke bi ya ce ƙananan kayan da ake kunnawa a harabar gida suna bukatar tazarar mita 8 tsakaninsu da masu kallo, kusan taku 11 ko 12 na babban mutum. Manyansu kuwa mita 15 zuwa 25. Auna tsakar gidanka. Yawancin gidajen cikin birni ba su da wannan fili, ga igiyar shanya, ga wayar lantarki a sama. In babu, babu. Ku nemi filin ƙwallo, ko ku haƙura.

Mataki na biyu: san abin da ke cikin kwalin

Yawancinsu albarushi ne, irin wanda 'yan bindigar sarki ke ɗurawa ranar hawan Sallah, sai dai a masu launi an ƙara masa sinadaran launi. Jan yana fitowa daga sitironshiyam, koren daga bariyam, shuɗin daga jan ƙarfe. A Sin aka ƙirƙiro sana'ar, kuma har yau daga can mafi yawan kayan ke zuwa. Amma kowane iri da yadda yake cutarwa.

Nokawut, wanda ake ƙyastawa a jikin kwalin ashana a jefar, shi ne mai cin hannu. Ba shi da wani amfani sai ƙara. Tsakanin ƙyastawa da fashewa daƙiƙu kaɗan ne, kuma ba su da tabbas, musamman a masu araha. Mai ƙara uku ya fi mai ƙara ɗaya sharri, domin bayan fashewar farko yana tsalle ya nufi inda ba wanda ya zata.

Roka mai cin ido ce da rufin mutane. In ta karkace ko abin da aka kafa ta a ciki ya faɗi, a kwance take tafiya, daidai tsayin fuskar yaro.

Mai kwali, wanda ke harba launuka sama ɗaya bayan ɗaya, matsalarsa kifewa. Harbin farko ya girgiza shi ya faɗi, sauran ashirin ɗin kuwa sai cikin jama'a.

Na ƙarshe shi ne wanda iyaye suka fi rainawa: tsinken ƙarfen nan mai fesa taurari, da ake ba ƙananan yara su riƙa juyawa. Ba ya ƙara, shi ya sa ake ganin ba komai. Amma zafin bakinsa ya wuce digiri 1,000. Ruwa yana tafasa a 100. Alminiyam ɗin da maƙera ke zuba tukunya da shi yana narkewa a 660. Wannan ne muke damƙa wa 'yar shekara uku mai sanye da sabuwar rigar leshi.

Mataki na uku: saye da ajiya

Babba ne zai saya, da kansa. Kada a aiki yaro, kada a ba shi kuɗin a ce ya zaɓo.

Duba kwalin. Ya kasance a rufe, da sunan kamfani, da bayanin yadda ake kunnawa da tazarar da za a bari. Wanda aka zazzage a leda ana sayarwa ɗai-ɗai, ko wanda gari ke zuba daga jikinsa, ko mai alamar ya taɓa jiƙewa ya bushe, ajiye wa mai shi kayansa. Kwantan bara ma haka. Damina guda ta wuce a kansa, lagwaninsa ba ya bin lissafi, ko ya ci da sauri ko ya yi kamar ya mutu. Haɗin gida kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Sayi abin da za a ƙarar a dare ɗaya. A gida, sa shi a akwati mai murfi, a wuri mai sanyi, busasshe, sama da inda hannun yaro ke kaiwa. Kada a kai shi kicin ko ɗakin janareto, kada a bar shi a but ɗin mota da rana, kada a tura shi ƙarƙashin gado a ɗakin da ake kunna maganin sauro ko kaskon turare. Aljihu kuwa shi ne mafi muni. Wani yaro a layinmu ya cika aljihun wandonsa da nokawut, ya tsaya kallon na abokinsa, tartsatsi ɗaya ya faɗa ciki. Ya yi makonni yana kwanciya ta gefe guda, kuma a cinya abin ya tsaya don Allah ya taƙaita.

Mataki na huɗu: shiri kafin magariba

Da sauran haske za ka yi wannan. Share filin, kwashe busasshen ganye da leda da takarda. Yayyafa ruwa in ƙasar na da ciyawa. Ja layi a ƙasa inda masu kallo za su tsaya, ta yadda iska za ta riƙa bugun bayansu, hayaƙi da tartsatsi su tafi gaba. In iskar ta yi ƙarfi har tana ɗaga mayafi, a ɗage sai gobe.

Tanadi bokiti biyu na ruwa, bokiti ɗaya na yashi, tocila, da turaren tsinke mai tsawo. In kana da tukunyar kashe gobara, fito da ita, ka kuma tabbatar ka san yadda ake zare mata fil. Yashin na fetur ne: wutar fetur ba a zuba mata ruwa, ruwan ɗaukar ta yake ya yaɗa.

Karanta rubutun jikin kowane kwali tun yanzu. Masu kwali a danne su da bulo ta gefe biyu, ko a binne gindinsu a yashi. Roka a kafa mata bututu a ƙasa, a karkata shi kaɗan ya kauce wa mutane da gidaje. Kwalbar lemo da aka saba amfani da ita ba ta da nauyin da za ta tsaya.

Sai sutura, wadda a ganina ita ce aka fi mantawa da ita a wajenmu, domin ranar biki kowa cikin kwalliya yake. Mai kunnawa ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun riga, ya sa takalmi rufaffe da tabarau, ko da na masu babur ne. Dogon hijabi da mayafi mai yawo suna kama wuta kafin mai su ta ankara. Yadin roba kuma narkewa yake ya manne a fata, ƙunarsa ta fi ta auduga zurfi. Ƙarin gashin roba da ake kitso da shi ma haka yake ci. Wanda ya gama fesa turare yanzu ya matsa baya.

Leƙa gidajen da ke kewaye ka gaya musu lokacin farawa da na gamawa. Akwai mai jego, akwai mai hawan jini, akwai mai asma da hayaƙin zai tayar wa ciwo. In an ce maka akwai majinyaci, ka janye, ba abin jayayya ba ne. Dabbobi kuma a kai su can ciki a ɗaure da kyau. Rago kan tsinke igiya, doki kan ji wa kansa ciwo a turke, kaji da tattabaru kan watse. Jarirai su zauna a ɗaki: ƙarar nokawut a kusa tana iya wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, matakin da ke lalata ji nan take, kunnen yaro kuwa bai kai na babba juriya ba.

Mataki na biyar: kunnawa

Mutum ɗaya ne mai kunnawa, babba, mai cikakken hankali, wanda bai sha komai ba. Wani babban ya tsaya a kan layi yana tsare yara, idonsa a kansu, ba ya ɗaukar bidiyo.

Ɗauko guda ɗaya daga akwati, rufe akwatin, ka bar shi nesa. Ajiye abin a ƙasa. Tsuguna ta gefe, miƙa hannu iya tsawonsa, taɓa ƙarshen lagwanin da turaren tsinke. Kanka kada ya taɓa kasancewa a saman abin, ko don duba lagwani. Da ya kama, juya ka koma bayan layi da sauri, ba da gudun da za ka yi tuntuɓe ba. Sai ya gama sarai za a ɗauko na gaba.

Abubuwan da yara ke yi don burge juna su ne ke cika asibiti: riƙe nokawut a hannu a ga wa zai fi daɗewa, jefa wa 'yan mata ko mai babur, kifa masa gwangwani ko jefa shi cikin kwalba, ɗaure biyar wuri guda, fasa su a tara garin. Na kwalba da gwangwani ya koma ƙaramin bam, ɓaraguzansa ido suke nema. Jefawa cikin masai ko kwata mai rufi ma ganganci ne, domin iskar da ke taruwa a ciki tana kama wuta. Gaya musu tun farko: wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, an tashi wasan, sauran kayan sun tafi bokiti. In an yi, ka cika alkawari ko za su kwana suna kuka.

Tsinken taurari kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyar. Wanda ya haura, guda ɗaya a hannu, a tsaye wuri ɗaya, hannu a miƙe, tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, ba gudu, ba goyo a baya. Da ya mutu a tsoma shi a bokitin ruwa, domin ƙarfen na nan da zafinsa bayan hasken ya ɗauke, kuma yaranmu ba takalmi suke yawo.

Wanda ya ƙi tashi

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa. An kunna, lagwani ya ci, shiru. Kowa sai ya ji kuɗinsa za su tafi a banza, wani ya taho ya leƙa, ko ya ɗauka ya girgiza, ko ya hura masa iska. Sau da yawa wutar na nan a ciki tana ci a hankali. Kada kowa ya matsa. A ba shi minti 20 cif, a duba agogo. Bayan nan a kwara masa ruwa daga nesa, a ɗauke shi da shebur a nutsar a bokiti ya kwana. Ba a sake kunna shi, ba a ɓare shi, ba a jefa shi a murhu ko a bola mai ci.

Da an gama, bi filin da tocila ka tsince komai, wanda ya tashi da wanda bai tashi ba, duk a jiƙa. Leƙa kan rufi da bayan katanga. Da asuba ka sake zagayawa kafin yara su fito, domin akwai masu sana'ar tsintar ragowa da safe, kuma ƙanana ne.

In biki ne a ɗakin taro

Yanzu an shigo da yayin fesa tartsatsi lokacin shigowar amarya da ango. A ranar 26 ga Satumba 2023, a garin Hamdaniya na ƙasar Iraƙi, an kunna irin wannan a ɗakin biki, tartsatsin ya kama adon silin, mutum fiye da 100 suka mutu. A 2013 ma wani gidan rawa a garin Santa Mariya na Barazil ya ci mutum 242 ta wannan hanya, yawancinsu hayaƙin soson da aka manna a silin ne ya kashe su. Ku dubi ɗakunan taronmu: silin roba, labule tun daga sama har ƙasa, furannin roba, ƙofa ɗaya a buɗe sauran an garƙame don hana 'yan cin arziki. In kai ne uban biki, gaya wa mai adon wuri ba ka son komai mai lagwani a ƙarƙashin rufi, sannan ka bi ƙofofin fita da kanka ka ga an cire kwaɗo.

In tsautsayi ya auku

Tufafi sun kama: kada ya gudu, gudu hura wutar yake. A kayar da shi ƙasa, ya rufe fuska da hannu ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo ko darduma mai kauri, a kwara ruwa.

Ƙuna: ruwa, ruwa kawai. A riƙa zuba ruwa mai sanyi na famfo ko randa a wurin har minti 20. Minti ashirin na da tsawo in yaro na tsala ihu, amma shi ne ke hana zafin ci gaba da cin nama. Ban da ƙanƙara. Tun kafin wurin ya kumbura a cire zobe, awarwaro da agogo. Yadin da ya manne a fata a bar shi, a yanke na kewaye. In ƙaramin yaro ne, a rufe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. Bayan nan a rufe ƙunar da leda mai tsabta ko ƙyalle marar gashi, sako-sako.

Nan ne 'yan ba da shawara ke taruwa. Wannan ta ce man goge baki, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, wani ya ce manja, gishiri, toka, har da baƙin mai. Duk ba su sanyaya komai, ƙwayoyin cuta suke kaiwa, sannan ma'aikacin jinya sai ya kankare su kafin ya ga ciwon, yaron ya sha azaba sau biyu. Zuma ma da ake yawan ambata ba ita ce farko ba. Bororon da ya taso kada a fasa. Ana iya ba da farasitamol. A tafi asibiti in ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta yi fari ko baƙi, ko kuma mai ita ya ce ba ya jin zafi. Rashin zafin alama ce ta yi zurfi. Ƙaramin yaro kuwa a kai shi ko yaya take.

Ido: kada a murza, kada a danna, kada a wanke, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shige. Ban da nonon uwa, ban da kwalli, ban da ragowar maganin ɗigawa na wani. A yanko gindin kofin roba a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne da filasta, a nufi asibitin da ke da likitan ido a daren, ba a jira safiya. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, suna ƙara zubar jini. Masu kusa da Kaduna suna da Cibiyar Ido ta Ƙasa.

Hannu ya fashe: a danne da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji. In yatsa ya cire, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Kada a ba shi abinci ko abin sha, domin wataƙila a shiga da shi tiyata. A tuna wa ma'aikata maganar allurar tetanus. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala na karɓar irin wannan rauni da ƙuna.

Kunne na zubar da jini ko ji ya ɗauke: kada a ɗiga mai ko ruwa. Yaro ya haɗiyi nokawut ko ya tauna: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a ɗauki kwalin a tafi asibiti ko da ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, domin wasu sinadaran sai bayan kwanaki suke taɓa hanta. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, masu kashe gobara a Nijar kuma 18. A kira su tun wutar na ƙarama.

To, a hana sayarwa ne?

Masu cewa a hana gaba ɗaya suna da hujja mai nauyi. A Amurka, inda ake gwada kayan kafin su shiga kasuwa, hukumar kare masu saye ta ƙiyasta mutum 9,700 da aka kai sashen gaggawa a 2023 saboda wasan wuta. Mu da kayanmu ke zuwa ba gwaji, asibiti kuma da nisa, ba mu da dalilin zaton mun fi su sa'a. Kuma babbar ɓarnar ba a tsakar gida take faruwa ba, a wurin ajiya ne. Ranar 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiyar nokawut ya tashi a unguwar Jankara da ke tsibirin Legas, wutar ta bi gine-ginen maƙwabta, an rasa rai, gommai suka jikkata. A kasuwar Mesa Redonda ta birnin Lima a Peru, ranar 29 ga Disamba 2001, gwajin guda ɗaya da aka yi wa mai saye ya tayar da gobarar da ta kashe kusan mutum 300. Duk wanda ya san yadda rumfuna suke a cunkushe a kasuwar Kwari ko ta Sabon Gari a Kano ya san abin da nake tsoro. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙasashe da dama sun bi wannan hanya. Ailan da Cile ba sa barin gama-garin mutane su sayi manyan kayan, yawancin jihohin Ostireliya ma haka. Holan ta fara da hana masu ƙara da rokoki a 2020, sannan a 2025 majalisarta ta amince da hani na bai-ɗaya.

Sai dai rubuta hani daban, tabbatar da shi daban. Gana ta haramta nokawut tun 1999, amma har yau duk Disamba sai 'yan sandanta sun sake tunatarwa, wanda ke nuna kayan na nan. Birnin Beijin na Sin ya hana a 1993, bayan shekara 12 ya sassauta domin mutane ba su daina ba. A wajenmu, hanin da ake shelantawa a rediyo yana da illar da ba a faɗa: ɗan kasuwa ba ya daina sarowa, ɓoyewa yake, kuma maɓoyar ita ce ɗakin kwana, ƙasan bene, bayan buhunan shinkafa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yaron da bai samu na kanti ba kuma yana komawa haɗin kansa da kan ashana, wanda ya fi haɗari. Sannan wa ake kamawa? Ɗan shekara goma sha biyu da mai tebur. Wanda ya shigo da kwantena yana gida yana barci. An bar jaki ana dukan taiki.

Ingila ta ɗauki hanya ta tsakiya: ba a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ba a kunnawa daga 11 na dare zuwa 7 na safe sai a wasu 'yan ranakun biki, an ƙayyade ƙarar abin da ake sayar wa jama'a a desibel 120, manyan kayan kuma sai ƙwararru. Kotun ƙolin Indiya a 2018 ta taƙaita kunnawa a bikin Diwali zuwa awa biyu, daga 8 zuwa 10 na dare.

Ni ga inda na tsaya. Nokawut na jefawa da hannu a hana shi kwata-kwata, shigo da shi da sayar da shi, domin babu wata hanyar kunna shi da za a kira lafiyayya, kuma a ƙasar da ake jin ƙarar bindiga ta gaske ba a bukatar ta wasa. A yi hanin a tashar jiragen ruwa da kan iyaka da wurin manyan dillalai, inda mutum goma ne za a sa wa ido maimakon yara miliyan. Masu launi na kallo a bar su, amma a hannun 'yan kasuwa masu lasisi, da ɗakin ajiya a wajen gari wanda hukumar kashe gobara ta duba, ba a sayar wa yaro, ba a sayarwa a kan tebur. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare a dakatar da duka har abin ya lafa. Ƙaramar hukuma ko masu hali su ɗauki nauyin wasa guda a filin idi ko filin ƙwallo, ƙwararre ya kunna, yara su sha kallo daga nesa. Mai teburin da zai rasa cinikin mako biyu ina tausaya masa, amma ribar kwali guda ba ta kai kuɗin ɗinkin yatsa ɗaya ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ba ya jiran majalisa. Mai unguwa da limami da fasto sun san masu teburin layinsu da suna, su zauna da su tun kafin a saro kaya. In kuma ka san shago a tsakiyar kasuwa, ko ɗaki a ƙasan benen da mutane ke kwana a samansa, inda ake jibge kwalayen nan, ka sanar da shugaban kasuwa da ofishin kashe gobara mafi kusa tun watan Nuwamba, lokacin da kayan ke fara isowa.